Gwiwa, zuciya da ƙauna: kalmomin karaya na Ingilishi a ajin Gure

Tun lokacin da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, nauyin malamin Ingilishi a Nijar ya ƙaru. A gari irin Gure, gabas da Damagaram, yaro kan baro gida da Barbarcin Mangawa ko Hausa, ya yi firamare da Faransanci, sai a kwaleji ya haɗu da Ingilishi. Kowace sabuwar kalma sai ta ratsa harsuna biyu kafin ta zauna masa. A wannan ratsawa, kalmomin da ke nuna karaya suna cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Tarkon farko a harafi ɗaya yake. A Faransanci, le moral shi ne ƙarfin gwiwa, la morale kuwa tarbiyya da kyawun ɗabi'a. Ingilishi ya juya abin: morale ƙarfin gwiwa ne, moral kuma ya shafi ɗabi'a. Ɗalibin da ya dogara da Faransancinsa, idan ya karanta cewa morale na malaman kwantaragi ya faɗi saboda jinkirin albashi, yana iya fahimtar cewa tarbiyyarsu ce ta lalace. Kukan da aka yi domin a tausaya musu ya koma zargi. Ba laifin ɗalibin kaɗai ba ne, domin ita kanta kalmar demoralize da wannan ma'ana ta shiga Ingilishi: Noah Webster, mai ƙamus ɗan Amurka, ya yi amfani da ita a 1794 yana magana kan juyin juya halin Faransa, kuma ɓata ɗabi'a yake nufi. Sai daga baya ta koma ga rundunar da gwiwarta ta sage.

Aibi mafi girma, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne al'adar zuba kalmomi huɗu ko biyar a ƙwarya ɗaya. Discourage, dishearten, demoralize, despair: duk a allo sai a rubuta musu "karayar zuciya", a wuce. Wannan rowa ce ga Hausa, harshen da ya rarraba karaya bisa gaɓoɓin jiki da kyau. Wanda gwiwarsa ta yi sanyi yana nan a wurin aiki, tafiyarsa ce ta rage sauri. Wannan shi ne discouraged, kuma akwai mai sanyaya gwiwar, mutum ko al'amari. Wanda jikinsa ya mutu labari ne ya buge shi, da safe yana iya miƙewa. Nan dishearten ta fi kusa. Demoralize kuwa ta fi son jama'a: ƙungiya, runduna, ma'aikatan makaranta, waɗanda suka daina yarda cewa wahalarsu tana da amfani. Ciwon taro ne, "karayar zuciya" kuma ba ta nuna taron.

Mutanen Gure ba sa bukatar misali daga nesa. Shekara da shekaru rairayi yana cinye kwarurrukan da ake noman rani da dabino a cikinsu, ana kafa shingaye a kan tuddai don tsayar da shi. Manomin da iska ta binne shingensa a dare ɗaya, ya tsaya yana kallo, gwiwarsa ce ta yi sanyi, gobe zai sake sarar itace. Ƙauyen da ya daina fitowa aikin gayya, shi ne demoralized. Wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya kama hanyar Agadas ya fid da rai daga kwarin.

Despair ce ya kamata a taɓa da taka tsantsan. Asalinta daga Latin ne, rabuwa da fata, kuma takwararta a Hausa ita ce yanke ƙauna. Amma a kunnen Musulmi yanke ƙauna yana da nauyin da Bature na yau ba lallai ya ji ba, domin aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana bayi yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ɗan jaridar Ingila yana iya rubuta cewa manoma suna cikin despair, tausayi kawai yake nufi. Mai fassarar da ya ce sun yanke ƙauna ya jingina musu abin da su da kansu za su ƙi, ko da rumbunansu babu ko zangarniya. Su "sai haƙuri" za su ce. A irin wannan jimla, "suna cikin matsanancin ƙunci" ya fi adalci ga marubucin da manoman baki ɗaya.