Gurbin Uba a Gindin Kuka

Akwai wata gwaninta a rubutun gajeren labari da na daɗe ina jinjina wa: marubuci ya sa mai karatu ya ji nauyin mutumin da bai taɓa fitowa a shafi ba. Elnathan John, ɗan Kaduna, ya nuna ta a "Bayan Layi", labarin da ya shiga jerin ƙarshe na gasar Caine a 2013, wanda daga baya ya faɗaɗa ya zama littafin Born on a Tuesday a 2015.

Mai ba da labarin yaro ne, Ɗantala, wanda aka kawo almajirci wajen Malam Junaidu, mahaifinsa kuma ya rasu yana can nesa. Da wani ne, da ya cika mana shafi uku da kukan maraici. Elnathan bai yi haka ba. Ya ambaci mutuwar a taƙaice, kamar yadda yaro yake ambatar abin da ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya juya da mu gindin kukar da yaran titi suke kwana. A can muke haɗuwa da Banda, babban cikinsu, mai shan wiwi, mai tarin da ba ya barinsa. Shi ke tare wa Ɗantala faɗa, shi ake bi idan 'yan siyasa sun zo neman yaran aiki lokacin zaɓe. Ba sai an ce mana Banda ya hau kujerar uba ba. Muna gani da idonmu yaro ya raɓu da wanda ya samu, ko da inuwar tasa ta ƙaya ce.

A Maiduguri wannan labari ba baƙo ba ne. Tun kaka da kakanni ake turo yara gabas neman Alƙur'ani a tsangayun Barno, kuma daga 2009 rikici ya ƙara mana dubban gidajen da babu maigida. Makarantar marayu da Zannah Mustapha ya buɗe a 2007, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Nansen a 2017, shaida ce. Wata safiya kusa da Tashar Bama na ga wani da bai wuce shekara 14 ba yana gutsurar masa a robar bara, yana miƙa wa wasu ƙanana biyu kafin ya kai bakinsa. Ƙaramin ya ce, "Yaya, ƙara mini." Ya daka masa tsawa, sannan ya ƙara masa. Tsawar da ƙarin tare suka zo, kuma irin wannan haɗi ne Elnathan ya iya kamawa: zumunci da muguntar titi a jiki guda.

Sirrin aikin yana cikin muryar. Ɗantala yana faɗin ƙone-ƙone da zubar jini a sauƙaƙe, da harshen da zai faɗi abin da ya ci jiya, domin a wurinsa namiji shi ne wanda bai girgiza a gaban abokai ba. Marubucin bai tsoma baki ya yi wa'azi ba, bai kuma ba yaron hikimar dattijo ba. Shi ya sa lokacin da harsashin 'yan sanda ya kayar da Banda, Ɗantala kuma ya ranta a na kare, mai karatu ne yake gane cewa yaron nan ya sake zama maraya karo na biyu, tun kafin shi kansa ya samu zarafin tsayawa ya gane.