Sharhi: Juyin Juya Halin Faransa a Alƙalamin Dickens

Na sake karanta "A Tale of Two Cities" na Charles Dickens, wanda ya fito a 1859, bayan na koyar da shi ga ɗalibai shekaru da dama. Wannan karon da idon marubuci na karanta, kuma na ga abin yabo da abin gyara.

Inda ya ƙware shi ne nuna tushen fushin talaka. Keken dokin wani basarake ya take yaro a titin Paris, basaraken ya jefa wa uban tsabar zinariya ɗaya ya wuce abinsa. An kulle Likita Manette shekara 18 a kurkukun Bastille ba tare da shari'a ba, har ya fito ba ya sanin komai sai ɗinkin takalma. 'Yan uwa marubuta, ku duba nan: bai tsaya yana wa'azi kan zalunci ba, ya bar takalman su yi magana.

Amma da aka fasa Bastille a 14 ga Yuli, 1789, sai talakawan da ya sa muka tausaya wa suka rikiɗe suka zama garke mai ƙishirwar jini. Madam Defarge ce kaɗai ya ba cikakken dalili, tun da dangin basaraken ne suka hallaka gidansu, ita ma daga ƙarshe ya mai da ita dodo mai neman ran mace da 'yar ƙaramar yarinya. Ba na musun jinin. An fille kan Sarki Louis na 16 a Janairun 1793, kuma tsakanin 1793 da 1794 an yanke wa mutum kusan 17,000 hukuncin kisa, har shi Robespierre da ya jagoranci lamarin bai tsira ba.

Matsalata ita ce abin da littafin ya yi shiru a kai. Ba ka jin labarin sanarwar 'yancin ɗan Adam ta Agustan 1789, ko soke gatan sarakuna da aka yi a wannan watan, ko haramta bauta a 1794, wadda Napoleon ya dawo da ita a 1802. Ko mita da kilo da muke awo da su, daga can suka fito. Wani zai ce ai labari ne, ba tarihi ba. Na yarda. To amma ɗalibaina da yawa ba su san juyin nan ta wata hanya ba sai ta wannan littafi, kuma da na tambaye su abin da ya haifar, ba su ambaci komai ba sai injin fille kai da sadaukarwar Sydney Carton.