Zaman Winslow Homer a Cullercoats da Abin da Ya Sauya a Zanensa na Fentin Ruwa

An haifi Winslow Homer a Boston ta Amurka a 1836, ya mutu a 1910. Tun 1873 ya dukufa ga zane da fentin ruwa, amma yawancin zanensa na lokacin na yara ne masu wasa a bakin teku, da 'yan mata cikin rana mai haske. A 1881 ya ƙetara zuwa Ingila, ya sauka a Cullercoats, wani ƙauyen masunta kusa da Tynemouth, bai koma gida ba sai ƙarshen 1882.

Waɗansu masana sun ɗauka ƙauyen bai ba shi kome ba sai sabon abin zanawa. Wanda ya jera zanen bayan 1881 kusa da na farko zai ga sauyin ya fi haka zurfi. Mazan ƙauyen suna kan teku, saboda haka matansu ya fi gani: suna ɗinkin taru, suna ɗaukar kwandunan kifi, suna tsaye cikin iska suna jiran jirage. Sai ya ƙara girman mutum a kan takarda, ya rage yawan mutane, ya bar launi mai walƙiya ya koma ga toka-toka da ruwan ƙasa irin na sararin Tekun Arewa. Teku kuwa, wanda dā wurin shaƙatawa ne a gare shi, ya zama abin tsoro, musamman bayan haɗarin jirgin Iron Crown a Oktoba 1881, wanda ya zana.

Amma fa akwai abin zargi. Sau da yawa matan nan tsayuwarsu ɗaya, fuskarsu ɗaya, kamar gumakan Girkawa. Ƙarfinsu ya fito sarai, talaucinsu kuwa ya ɓuya. Watau baƙo ya girmama su, bai gama saninsu ba.

Wannan ya shafi malaman da ke koyar da zane a kwalejojinmu. Ɗalibin da ya je kallon su na Argungu yini guda, taro kaɗai zai zano. In ya zauna da masuntan Gulbin Rima a Wurno ko Goronyo, ko na gulbin Rabah, tun daga cikar ruwa har janyewarsa, zai san nauyin koma, da launin ruwa a damina da rani, da aikin mata masu banda kifi. Sa'an nan, da yake harshensu ɗaya, ba shi da uzurin da Homer yake da shi na baƙunta, in ya mai da su fuska ɗaya.