Jinjina Ga Gwanayen Gudu Marasa Kyan Salo

Wanda ya ga Emil Zatopek yana gudu sai ya ɗauka yanzu zai kife. Kai a karkace, harshe waje, fuska a yamutse kamar wanda kunama ta harba. Amma a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, shi ya kwashe zinare uku: mita 5,000, mita 10,000, da gudun yada ƙanin wani, wanda bai taɓa shiga ba sai ranar.

Paula Radcliffe ta Ingila kuwa, tana gudu tana gyaɗa kai kamar ƙadangare, ta kafa tarihi a gudun yada ƙanin wani a Landan a 2003, aka shekara 16 ba a karya shi ba.

Haile Gebrselassie na Habasha ya fi taɓa min zuciya. Hannunsa na hagu a lanƙwashe yake gudu, domin tun yana yaro yake sheƙa kilomita 10 zuwa makaranta da littattafai a hammata. Dukansu ukun Allah Ya yi musu baiwa, sun kuma sha wuyarta.

Malaman wasanni na Mandera, Boɗinga da Shagari, in kun ga yaro mai gudu a karkace, kada ku kore shi daga fili. Ku ɗauko agogo ku auna shi.