Bugu Ba Hujja Ba Ne: Nazari Kan Zijin Al-Battani Da Aka Buga A Turai

Ɗalibanmu na ilmin falaki sun saba fifita littafin ɗab'i a kan rubutun hannu, kamar injin bugawa yana tsarkake matani daga kuskure. Tarihin buga Zijin Muhammad bn Jabir al-Battani (ya rasu 317H/929M) ya isa ya rushe wannan zato.

An fara buga littafin a Nuremberg ta Jamus a 1537, da fassarar Latin wadda Plato na Tivoli ya yi tun ƙarni na 12. Bugun ya kawo babobin bayani, ya bar jadawalan lissafi. Alhali kuwa jadawali shi ne ruhin ziji, domin da shi ake fitar da matsayin rana da wata. Mai karatu ya sami ƙa'ida ba tare da abin da zai ɗabbaƙa ta a kai ba.

Sai tsakanin 1899 da 1907 Carlo Nallino ya fitar da matanin Larabci da fassara da sharhi a Milan. Aiki ne da ya cancanci yabo, sai dai ya dogara ne ga kwafi guda da ke ɗakin karatu na Escorial a Sifen. Inda babu kwafi na biyu da za a yi muƙabala da shi, gyaran adadi ijtihadin mai tahƙiƙi ne, kuma haka ya kamata a ɗauke shi.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, malaman zaure da suka karanta Al-Muƙni'i na Al-Mirgiti suna lissafin abajada bisa tsarin Magrib, inda sadi 60 ne, sinun 300. A tsarin Gabas sadi 90 ne, sinun 60. Wanda bai tantance tsarin da littafi ya bi ba zai karanta darajoji a karkace. Na biyu, Al-Battani ya yi rasadinsa a Raƙƙa, wajen daraja 36 arewa da Istiwa'i, Kademi da Gaya da Ajingi kuwa suna wajen daraja 12. Duk jadawalin da aka gina a kan faɗin gari, kamar na tsawon yini, ba ya aiki a nan sai an sake lissafi.

Tunda lokutan salla sun rataya ga wannan, wajibi ne mai koyarwa ya fara bayyana wa ɗalibai asalin bugun da ke hannunsu, da tsarin abajadarsa, da garin da aka yi lissafin dominsa. Wallahu a'alam.