Tuba Kafin Tsari: Nazarin Addu'ar Kuɓutarwa a Tamale

Masu sukar addu'ar kuɓutarwa, wato addu'ar da Kirista ke yi domin a raba shi da nauyin laifi da farmakin aljanu ko sammu, sun daɗe suna cewa tsibbu ce kawai aka sa wa rigar coci. Wannan hukunci ya yi gaggawa, domin ya haɗa addu'o'i iri biyu a kwando ɗaya, alhali bambancinsu shi ne abin dubawa a gari irin Tamale, inda Kiristoci suke tsiraru a tsakiyar Dagomba da mutanen zango Musulmi, kuma tsoron maita bai bar masallaci ko majami'a ba.

Tarihin ba shi da tsawo. Limaman Katolika sun sauka a Navrongo a 1906, 'yan mishan na Assemblies of God suka kafa sansani a Yendi a 1931, Tamale ta zama mazaunin babban bishop a 1977 a zamanin Peter Dery, sannan daga baya salon kwanan addu'a mai ƙarfin murya ya kwararo daga kudancin Ghana da Najeriya, inda cocin Mountain of Fire na Daniel Olukoya ya yi suna wajen addu'ar faɗuwar maƙiyi.

Tsohon tsarin, wanda yanzu ake ganin ya yi sanyi, yana da jeri wanda ba a juya shi: mai addu'a ya fara furta zunubinsa, ya karɓi gafara, sannan ya nemi tsari. Zabura ta 51 ita ce ginshiƙin kashin farko, kuma al'ada ta danganta ta ga Dawuda bayan annabi Natan ya tsare shi a kan matar Uriya. Wanda ya bi ta a hankali zai ga cewa babu maƙwabci ko kishiya a cikinta, laifin na mai magana ne tun daga farko, ayyukan wankewa da tsarkakewa da sabunta zuciya kuwa duk an bar wa Allah. Abin sha'awa ne cewa kalmar lamiri, wadda Kiristocin Hausa ke nufin muryar zuci mai hukunta mutum da ita, ita ce kuma masana nahawu ke amfani da ita ga wakilin suna, kamar yadda take a Larabcin da aka aro ta. Addu'ar tuba kuwa a nan take aiki, domin tana tsayar da wakilin sunan a kan mai addu'a, ba ta barin ya zame zuwa wasu. Sai bayan haka ake buɗe Zabura ta 91, wadda ta lissafa tarko da annoba da kibiya da fargabar dare ba tare da ta kama sunan kowa ba. Hikimar jerin tana cikin ma'anar sunan Shaiɗan a Ibrananci, wato mai ƙara, domin idan an riga an furta laifi an kuma yafe shi, mai ƙarar ba shi da abin da zai kai gaban alƙali.

Sabon salon ya kan tsallake tuba ya faɗa yaƙi kai tsaye, shi ya sa nauyin laifin da ba a sauke ba yake neman wanda za a ɗora wa, kuma a arewacin Ghana an san wadda ake ɗora wa: tsohuwa, sau da yawa wadda mijinta ya rasu. Matsugunan waɗanda ake zargi da maita a Gambaga da Gnani da Kukuo cike suke da irinsu, kuma a Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, mai shekara 90, a Kafaba bisa zargin maita. Zargin ya girmi coci, amma addu'ar da ke farautar maƙiyi a cikin dangi tana ƙara masa wuta. Cocin Presbyterian, mai riƙe da tsohon jerin a sujadarsa, shi ne ya fara aikin mayar da matan Gambaga gidajensu a 1994, kusan shekara talatin kafin majalisar dokokin Ghana ta amince da ƙudurin haramta zargin maita a Yulin 2023, ƙudurin da shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, bai sa wa hannu ba.