Waƙar Damina da Gwanintar Jinkiri

An daɗe ana yi wa Bahaushe gorin cewa bai iya waƙar yanayi ba, wai waƙarsa in ba yabon sarki ba ce, to wa'azi ce ko zambo. In ka kawo wa masu wannan magana Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali, sai su ce ai ɗan boko ne, a littattafan Larabawa da Turawa ya tsinto salon. Wannan hujja ba ta da tushe. Tun kafin Wali ya ɗauki alƙalami, makaɗan gangar noma suna zuga manoma a wurin gayya, mata suna rera tasu a bakin turmi, yara kuma suna zagaya gari suna roƙon ruwa in hadari ya yi nawa. Ɗan Anace, wanda aka fi sani da waƙar Shago, ya yi wa manoma waƙa. Abin da Wali ya yi shi ne ya sa wa tsohon abu ƙafiya da ma'auni, har Baturen nan D. W. Arnott ya yi wa waƙar nazari na musamman a 1968.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne jinkiri. Gwanin waƙar damina ba ya gaggawar saukar da ruwa. Sai ya tsayar da kai a bazara tukuna, lokacin da guga ke komowa daga rijiya da laka, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, dare ya raba amma bangon ɗaki bai huce ba. Sannan ya fara sakin alamu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai rowa yana ƙirga kuɗi. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a kan bishiyar tsakar gari. Gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashe shanya, mata sun fito da gudu suna tattara kwanuka, sai kuma hadarin ya watse ba ɗigo ko ɗaya. Wannan watsewar hadari ita ce zuciyar salon, kuma a nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana jin kunyar ɓata wa mai sauraro rai, sai ya ba shi ruwa a baiti na biyu, daga nan ya rasa abin faɗa sai jera sunayen tsirrai. Gwani kuwa ya san cewa ƙamshin ƙasa ba ya shiga hancin wanda bai sha ƙura ba. In ruwan ya sauka a ƙarshe, 'yan kalmomi kaɗan sun isa: kwaɗi sun ɓarke da kuka, shinge ya cika fitila, yara tsirara a ƙarƙashin indararo, tafasa ta leƙo a gefen hanya.

Wasu na ganin wannan jan rai ado ne kawai, ni kuwa ina ganin daga gona aka ɗauko shi. Ruwan farko yakan zo ne a lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, kuma hatsi ba zai yi araha ba sai kaka. Manomin da ya yi binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa yana jiran sama, ya san cewa ruwa ɗaya na iya tsirar da shukar, sannan fari na mako biyu ya ƙone ta. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Saboda haka murnar da ke cikin waƙar damina murna ce ta bashi, ana yin ta a kan abin da bai zo hannu ba, shi ya sa ba ta rabuwa da addu'a. Mawaƙin Ingila da ke maraba da furanni bayan sanyi yana murnar hutu ne daga ƙunci. Namu yana murnar an ba shi izinin fara wahala, gobe da asuba fartanya ce a kafaɗa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na zamani. Ɗauki Kudenda, a kudancin kogin Kaduna, unguwar masana'antu da 'yan haya, inda akasarin mutane albashi ko ƙwadago ke ciyar da su. A nan damina na nufin taɓo a lungu, kwano mai yoyo, sauro, da fargabar cikar kogi a watan Agusta da Satumba. Wa zai yi wa wannan waƙa? Amsar tana cikin watan Maris. Daga Nuwamba zuwa Maris Kaduna takan yi kusan wata 5 ba ruwan kirki, hunturu ya wuce ya bar zafi, 'yan garuwa su ƙara wa jarka kuɗi, iyali su kwana a tsakar gida saboda ɗaki ya gagara. Lokacin sanƙarau ke nan, cutar da ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996, kuma likitoci sun tabbatar tana lafawa da zarar ruwa ya sauka. Ma'aikacin da bai mallaki kunya ɗaya ta gona ba, shi ma ya yi jiransa, kuma a Afrilu in gabas ta haɗa za ka gan shi a ƙofar gida ya ɗaga kai. Gwarawan da suka riga kowa zama a yankin ma har yanzu suna shuka masara a 'yan filayen da gini bai cinye ba.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne mawaƙi mai haƙuri. Waƙar situdiyo ta yau tana son amshi ya faɗo a daƙiƙun farko don kada mai waya ya wuce, kuma salon da ya dogara da jan rai ba zai ji daɗin wannan kasuwa ba. Shi ya sa nake ganin masu neman wannan fanni a littafi da faifai suna nema a inda ba ya nan. Yaran Kudenda da ke tsalle suna ihu tun hadari bai ƙaraso ba, su koma gida jiki a sanyaye in ya watse, su sake fitowa washegari, su ne suka fi kowa riƙe da ƙa'idarsa, kuma su ya kamata ɗaliban sashen Hausa na jami'o'inmu su bi da na'urar ɗaukar murya.